Inda Yaya Isufu Ya Saki Totur

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Ina gudun kalma ɗaya tawa ta jawo wa wani fitina, ko in ɗora wa wata ƙabila laifin da idona bai gani ba. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne yayata Hajara. Mijinta, Yaya Isufu, bai dawo ba tun ranar da aka kai wa ƙauyenmu hari. Ba a ga gawarsa ba, ba a gan shi da rai ba. Hajara ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Liman ya ce ta jira, tana nan tana jira. Ni ne na ƙarshe da ya ji muryarsa. Zan faɗi abin da na ji, ko Allah zai sa wani ya san sauran.

Sunana Mutari. A Paraku aka haife ni, a unguwar Kpebiye. Da na yi aure sai na koma wani ƙaramin ƙauye a dajin bayan Pelebina, cikin ƙasar Jugu. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda abin ya shafa sun san shi. Ina sayar da fetur a kwalba, ina facin taya, ina kuma kai mutane bakin kwalta a babur. Manoman doya da yazawa ne suka fi yawa a garin. Rugagen Fulani suna kewaye da mu. Mu Hausawa gidajenmu kaɗan ne, a gefen kasuwa. Kowane ɓangare abokin cinikina ne, ba ni da faɗa da kowa.

Yaya Isufu ɗan zem ne a Paraku, wato mai ɗaukar fasinja a babur. Iyayensa daga Nijar suka zo. Hajara tana soya wagashi, cukun nan na Fulani, a unguwar Albarika ta Paraku, inda suke zaune da 'ya'yansu. Duk jajibirin kasuwarmu yakan zo ya kwana a gidana, da safe ya sayi wagashi a hannun matan ruga, ya ɗaure a robobi ya koma. Babur ɗinsa ja ne. Salansarsa ta taɓa tsagewa aka yi mata walda, tun daga nan kukanta ya zama daban, kamar mai tari a cikin tulu. Tun yana bayan gari nake sanin ya iso.

Shi ya koya mini tuƙi, a wani filin ƙwallo a Kpebiye, tun ban yi aure ba. Dole in tsaya in yi bayani a nan, domin wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ke damuna ba. Totur shi ne mariƙin hannun dama, wanda ake murɗawa inji ya ƙara ƙarfi. Yaya Isufu gaz yake ce masa, irin na mutanen Nijar.

Ya ce kada in taɓa fizgarsa. In ka fizga, ko tayar gaba ta ɗaga ta zubar da wanda ke bayanka, ko ta baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Murɗawa ake yi a jere, kamar mai matse jiƙaƙƙen tsumma, hannun hagu kuma yana sakin kuloci daidai da yadda na dama ke buɗewa. Ƙirji ya sauko kusa da tanki. In kukan injin ya yi siriri, ka sassauta kaɗan, ka sa giya ta gaba, ka sake buɗewa nan take. Ya ce in riƙa sauraron injin kamar yadda uwa ke sauraron numfashin jariri.

Akwai kuma maganar kamu. Ni na saba kama totur wuyan hannuna yana ƙasa. In ka kama haka, ko ka murɗa iya ƙarfinka rabinsa kawai zai buɗe, wuyan hannu ya kai iyakarsa. Mai son buɗe shi duka sai ya sake kamu. Ya ɗaga wuyan hannu sama, ya damƙa daga can gaba, sannan ya janyo ƙasa. Na san wannan da baki, amma ban taɓa yi ba. Rabin ya ishe ni.

Sai dokar yashi, wadda ya fi nanatawa. Giya ta biyu. Ka buɗe tun kafin ka shiga. Ka ja jikinka baya. Kada ka taɓa birkin gaba. Kan babur zai yi ta rawa, ka ƙyale shi. Kada ka waiwaya, don inda kai ya juya nan hannu ke bi. Komai kuma ya faru kada ka saki totur, saboda babur ɗin da ya tsaya a tsakiyar yashi ba ya tashi da mutum a baya sai an tura shi.

Hanya ɗaya ce ke fita daga ƙauyenmu zuwa kwalta, kuma ta ratsa wani rafi mai faɗi. Da rani babu ruwa a cikinsa, yashi ne zalla, mai laushi, mai cin ƙafa. Duk shekarun da na yi a can ban taɓa tsallake shi a kan babur da fasinja ba. In na iso sai in ce, “Sauka mu taka.” In tura babur, fasinja ya biyo ni yana mita. Kowa ya san ni da haka.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Bazara ta kama, ruwan farko bai sauka ba, ana ƙarasa tsintar yazawa. Kwanaki kafin nan ana ta ƙananan maganganu. Wasu na cewa an sari wani a gona. Wasu na cewa an kashe shanu a mashaya. Ban ga ko ɗaya ba. Amma hankalina bai kwanta ba, don haka tun jajibiri da yamma na cika tankina, na ajiye babur yana fuskantar hanya. Matata Safiya ta ce wata rana damuwa ce za ta kashe ni, ba ciwo ba.

Mun yi sallar asuba. Safiya ta dama koko, 'yarmu Amina tana goye a bayanta, ba a yaye ta ba tukuna. Yaya Isufu ya fito yana miƙa.

“Alhaji Sannu-sannu, an tashi lafiya? Jiya na ga akuya ta wuce ka a hanya, har ta waiwayo ta yi maka sannu.”

Na ce, “Yaya, ni dai ban taɓa kai kowa asibiti ba.”

“Yo ina za ka kai su? Kafin ka isa ai sun warke.”

Safiya ta yi dariya har ta ƙware. Tsakanin mijin yaya da ƙanen mata akwai wasa, shi kuma ba ya raga mini ko a gaban matata. Ya shanye kokonsa, ya ɗauki robobi ya shiga kasuwa.

Da hantsi kasuwa ta cika. Na jera kwalabena a tebur. Maƙwabcina Baba Mumuni tela yana kan kekensa a ƙarƙashin rumfa, yana ɗinka wa wata yarinya riga. Daga gabas injin niƙa yana ta ruri kamar kullum. Yaya Isufu ya gama saye, yana ɗaure robobi a bayan babur ɗinsa, kusa da nawa.

Ƙarar farko kamar an doka sanda a kan kwanon rufi. Daga wajen injin niƙa ta zo. Mutane suka ɗaga kai. Injin niƙan ya mutu. Kasuwa ta yi tsit, har na ji zabbi suna kuka a bayan gari. Sai ta biyu. Sai suka haɗe, ba a iya rarrabewa.

Wata mata ta ƙwala ihu. Kasuwa ta watse lokaci ɗaya. Tebura suka kife. Na ga hayaƙi ya tashi daga rumfunan ciyawa na gabas, baƙi ƙirin. Na ga mutane sun fito daga cikinsa, fuskokinsu a rufe da ƙyalle. Wasu da dogayen bindigogi irin na farauta, wasu da adda. Ban gane kowa ba. Ban ji yarensu ba, ihu kawai suke yi.

Baba Mumuni ya miƙe, rigar tana hannunsa. Ya koma ya zauna. Sannan ya kife a kan keken ɗinki. Ƙafarsa ta taka fedar, keken ya juya kaɗan ya tsaya.

Ni ma na tsaya. Ban iya motsi ba. Kwalba tana hannuna.

“Mutari! Hau!”

Yaya Isufu ne. Ya zaro wuƙa ya datse igiyoyin da ya gama ɗaurewa. Robobin suka zube. Wagashi ja, wanda aka rina da karan dafi, ya yi ta gangarawa cikin ƙasa. Safiya ta fito daga gida a guje, Amina a bayanta, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta zo za ta zauna a kaikaice, ƙafafu gefe ɗaya, yadda ta saba.

“Raba ƙafa, Safiya! Yau babu kunya! Rungume shi!”

Ta tattare zani ta hau. Na buga kik, injin ya tashi. Tsoro ya sa na fizgi totur. Tayar gaba ta ɗaga, muka yi baya, Safiya ta yi ƙara. Na saki, muka dawo ƙasa da ƙarfi. Allah ya sa injin bai mutu ba.

“Murɗa! Kada ka fizga! Murɗa!”

Na ce, “Kai fa, Yaya?”

“Ina bayanka. Bayana fili ne, in na ga wani zan ɗauka. Tafi!”

Na sauko da ƙirji, na murɗa, na saki kuloci a hankali. Muka fita.

Hanyar ta bi ta cikin gonakin yazawa. Ƙasa ce ja, mai tauri, mai kwazazzabai. Mutane suna gudu dama da hagu, suna kutsawa cikin itatuwa. Wani dattijo ya ɗaga mini hannu. Ba ni da wurin sa shi. Ya juya ya shige gona kafin Yaya Isufu ya iso kansa. Giya ta biyu. Ta uku. Ta huɗu. Salansar Yaya Isufu tana tari a bayana.

Sai na ji wasu injina, ba namu ba. Daga baya suke, kuma suna matsowa. Aka yi harbi. Ganyaye suka zubo a gabana. Na murɗa iya ƙarfina, amma wuyan hannuna ya riga ya kai ƙarshe. Babur ɗin yana tafiyar da ya saba yi, ta kai mai doya bakin kwalta.

Yaya Isufu ya matso har daidai kafaɗata ta dama. Bakinsa a buɗe, iska tana kwashe rabin maganar.

“Sake kamu! Mutari, sake kamun gaz!”

Kafin ka sake kamu sai ka buɗe yatsunka. A wannan ƙiftawar idon totur yana komawa da kansa, babur ya yi sanyi. Ana harbi a bayanka, a ce ka buɗe hannu. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba. Na buɗe. Babur ya dusashe, Safiya ta bugu da bayana. Na ɗaga wuyan hannu, na damƙa daga gaba, na janyo ƙasa har ya tsaya.

Injin ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga gare shi ba, duk shekarun da muka yi tare. Iska ta matso hawaye daga idona. Itatuwa suka haɗe. Faratan Safiya suka shiga cikina ta cikin riga. Ina jin bakinta a bayana tana salati. Amina ba ta yi kuka ba, ko kuma ban ji ba.

Yaya Isufu zai iya wuce ni. Babur ɗinsa babu kaya, kuma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Bai wuce ba. Ya ja baya, ya koma tsakaninmu da waɗanda ke biye.

Hanya ta fara gangarawa. Na hango farin yashi. Yatsuna suka tafi kan birki da kansu, don nan ne kullum nake cewa a sauka.

“Biyu! Sa biyu! Buɗe! Kada ka saki!”

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji.

Na rage giya zuwa ta biyu. Na buɗe. Na ja jikina baya har na danne Safiya. Muka faɗa yashi. Kan babur ya kama rawa, yana fizgar hannuwana dama da hagu. Ƙafata tana son sauka, na matse ta a jikin tanki. Akwai wata ɗorawa a gaɓar can, na kafe idona a kanta. Tayar baya tana watsa yashi, tana zamewa, tana kamawa. Hannuna na dama bai motsa ba. Salansarsa tana nan a bayana, kusa, da ƙarfi.

Mun wuce tsakiya kaɗan sai kukanta ya sauka.

Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni a nan, don a wannan wurin nake kwana nake tashi. Aikin babur nake yi, na san yadda inji ke yin shiru. In mai ya ƙare, yana tari, ya kama, ya sake tari, sannan ya mutu. Tankinsa kuwa ni na cika shi da hannuna da safiyar ranar. In harsashi ya sami matuƙi, babur faɗuwa yake yi, ko dai ya mutu nan take, ko ya yi ta ihu a kwance tayar tana juyawa a iska. In yashi ya shaƙe shi, nishi yake yi ya ɗauke. Ban ji ko ɗaya cikin waɗannan ba. Kukan ya sauko a hankali, sumul, ya zauna a ƙasa yana bugawa, tuk, tuk, tuk. Haka injin ɗan zem ke yi in ya kama kuloci, ya sa ƙafa a ƙasa, yana jiran fasinja ya hau.

Mutumin da ya koya mini dokar yashi ba zai saki totur a tsakiyar rafi bisa kuskure ba. Tsayawa ya yi.

Ban waiwaya ba. In na waiwaya mun faɗi, mu uku. Tayar gaba ta taɓa ƙasa mai tauri, muka haye gaɓa, muka wuce ɗorawar. Aka yi harbi a cikin rafin, ban ƙirga ba. Kukan injina ya rufe komai. Da na sami damar juya kai, hanya ta riga ta karkata, itatuwa sun tare. Na sassauta. Safiya ta doki bayana.

“Tafi! Don Allah tafi! Amina!”

Na tafi. Wani lokaci sai in ga kamar na ji salansarsa ta sake tashi a can nesa. Wani lokaci sai in ce zuciyata ce ta ƙirƙira. Ba zan rantse a kan ko ɗaya ba.

Mun isa kwalta a Pelebina kafin azahar. Na tsaya a gindin wani mangwaro, na kashe inji. Hannuna na dama ya ƙi buɗewa. Safiya ce ta ɓamɓare yatsun, ɗaya bayan ɗaya. Salansa ta ƙone mata ƙafar da babu takalmi, fatar ta saluɓe, ba ta ma sani ba sai da wata mai sayar da doya ta nuna mata. Amina ta yi barci a goye.

Muka zauna muna fuskantar hanyar daji. Mutane suka fara fitowa. Na farko a babur, uku-uku, huɗu-huɗu. Daga baya a ƙafa. Duk injin da ya taso sai in miƙe, kafin ya bayyana na san ba shi ba ne, in koma in zauna. Na tambayi duk wanda ya fito. Yawancinsu ta daji suka yanko, ba su bi rafin ba. Waɗanda suka bi sun ce ba su duba komai ba. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Aka kira azahar. Motocin sojoji suka zo suka shiga, suka hana kowa bin su. Aka kira la'asar. Ƙafar Safiya ta kumbura. Wani mai shago ya ce mu tafi Jugu tun da sauran rana, in wani ya fito da jan babur zai gaya masa inda muka nufa.

A Jugu wani abokin mahaifina ya sauke mu a zaurensa. Aka wanke wa Safiya ƙafa a asibiti. Na bi gadajen waɗanda aka kawo daga wajenmu, ina leƙa fuska. Na ga mai injin niƙa, an naɗe masa kafaɗa. Na ga wata Bafulatana da ke sayar wa Yaya Isufu wagashi, ba ta gane ni ba. Shi ba ya nan. Na je wurin 'yan sanda na ba da sunansa da kamannin babur, suka rubuta.

Ban iya gaya wa Hajara ta waya ba. Washegari muka kama hanyar Paraku. Tafiya ce mai nisa, kuma na yi ta da tsohon kamuna, wuyan hannu a ƙasa. Da muka shiga Albarika tana zaune a bakin kasko, mai yana tafasa. Ta ga babur ɗina. Ta duba bayana. Ta ga ƙafar Safiya.

“Mutari, ina yayanka?”

Na ce, “Yana bayana, Yaya.”

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ta ci gaba da kallon hanya. Wagashin da ke cikin kasko ya ƙone, wata maƙwabciya ce ta zo ta sauke.

Bayan an buɗe hanya na koma ƙauyen tare da wasu maza. An riga an yi ruwan farko. Gidana babu rufi. Kwalabena sun fashe, wuta ta narkar da wasu. Robobin Yaya Isufu suna nan inda suka zube, igiyar da ya datse tana kusa. An binne waɗanda aka samu. Na je wurin dattijon da ya yi musu wanka, ya san Yaya Isufu sarai, sun sha cin goro tare. Ya ce ba ya cikinsu. Na ce ya sake tunani. Ya ce, “Ɗana, da hannuna na juya kowannensu.”

Na sauka rafin a ƙafa. Ruwa da kofaton shanu sun shafe sawu. Amma kaɗan bayan tsakiya akwai wani rami mai tsawo, mai zurfi, ruwa ya kwanta a ciki. Irin ramin da tayar baya ke haƙawa ne in ana son tayar da babur daga tsaye a cikin yashi, da nauyi a kansa. Bakin ramin bai fuskanci gaɓar da muka haye ba. Ya karkata hagu, ya bi tsawon rafin. Na bi wajen har ƙafata ta gaji. Ban ga babur ba, ban ga takalmi ba, ban ga jini ba. Babura da yawa sun bi rafin nan a ranar, da na masu gudu da na masu kora. Ba zan ce ramin nasa ne ba.

Safiya ba ta yi maganar ranar ba sai da ƙafarta ta warke. Wata safiya tana tankaɗe, ba tare da na tambaye ta ba, ta ce ita ta ga wani abu. Kuncinta yana manne da bayana, fuskarta tana kallon hagu. Da muna cikin yashi ta ga wata mata ta gangaro daga gaɓa, tana gudu tana faɗuwa. Zaninta shuɗi ne, kanta babu ɗankwali. Tana rungume da wani abu a ƙirji, ko yaro ne ko ƙunshi, ba ta tantance ba. Ba ta san ko Bafulatana ce ko 'yar manoma ba. Mun wuce ta. Ta ce ta yi shiru ne don tana tsoron in gaya wa Hajara, Hajara ta ce saboda wata ya bar 'ya'yansa.

Na gaya wa Hajara. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Ai halinsa ne. Ko a gari ba ya wuce mai goyo.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Yanzu a Kpebiye muke, a ɗakin da na tashi. Na sa rigar zem, ina ɗaukar fasinja a cikin gari. Na gaji, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. A kowace mararraba kunnena yana tsintar injina ɗaya-ɗaya. Na taɓa bin wani jan babur tun daga kasuwa har bayan gari, da fasinja a bayana yana zagina, don salansarsa ta yi kama. Wani saurayi ne. Na ba shi haƙuri, na ba fasinjan haƙuri.

Mun rasa gida da tebur da awakin Safiya. Mun rasa Baba Mumuni da maƙwabtan da aka binne tare da shi, Allah ya jiƙansu. Waɗannan mun san inda suke, mun yi musu addu'a. Yaya Isufu ne ba mu san a wane sahu za mu sa shi ba. In an zo addu'ar mamata Hajara ba ta ambatonsa. In an zo rabon abinci tana ajiye kwanonsa.

Ga roƙona. In ke ce matar nan mai shuɗin zani, ko kin san ta, ko wata ta taɓa ba ki labarin wani mai jan babur da ya tsaya mata a rafin bayan Pelebina, ki taimake mu. Ba za mu tambayi ƙabilarki ba, ba za mu kai sunanki ko'ina ba. Yaya Isufu dogo ne, baƙi, haƙorinsa na gaba ɗaya ya karye, yana saka kalmomin Faransanci a Hausarsa. In kai makanike ne, a Jugu ko Basila ko ƙetaren iyaka, aka kawo maka jan babur mai walda a wuyan salansa, ka tambayi inda aka samo shi. In kuma kai ne ka binne wani baƙo a bakin rafin nan, ka faɗa mana, ba za mu ga laifinka ba, addu'a za mu yi maka. Duk mai labari ya zo Albarika ya tambayi masu soya wagashi, ya ce Hajara matar Isufu ɗan zem. Kullum tana nan, fuskarta tana kallon hanya.

Ni na ji lokacin da ya tsaya. Wani ya gaya mana ko ya tashi.